Muryar Zuwera da na goge

Zuwera ta rasu.

Ina tsaye ina tace koko da safen nan mijinta ya kira ni daga Yendi. Ya ce jiya da yamma ta yi kukan ciwon kai, aka kai ta asibiti, kafin gari ya waye Allah ya karɓi abinsa. Na ce masa "to" har sau uku, ban san dalili ba. Na Allah muke, kuma gare shi za mu koma.

Tare muka tashi a zangon Bawku, ƙofar gidanmu na kallon tasu. Aure ya kai ta Yendi, ni kuma ya kawo ni Salaga shekara biyu da suka wuce.

Ranar da aka kawo ni, ita ce ta ƙarshe da ta shiga motar komawa. Bayan kwana biyu na buɗe akwatina na tarar da ƙullin daddawa da kuka a ƙarƙashin littattafaina. Da na kira ta sai ta ce, "Na san ki, Fati. Idan aka bar ki, littafi za ki dafa wa bawan Allah."

Ban san kowa ba a garin nan. Maigidana na fita ƙauyuka sayen doya tun da safe, ni kuwa sai karatu da kallon bango. Da Zuwera ta ji muryata ta canja a waya, sai ta fara aiko mini da saƙon murya kullum bayan la'asar. Labari ta ƙirƙira da kanta, na wata mai sayar da goro da ta bi sawun ƙanwarta har bakin teku. Tana yin muryar tsohuwa, ta yi ta direban lori, wani lokaci ka ji ta tsaya ta ce da wata, "Yadi shida ne, Anti, ba na ragewa," sannan ta ci gaba. Atamfa take sayarwa a kasuwa.

Na ce mata wannan ai littafi ne. Ta ce ita rubutu na ba ta ciwon baya, in ina so in rubuta mata. Muka shirya a kan haka: ita baki, ni hannu.

Da wayata ta cika, sai na kwashe saƙonnin na zuba a ƙaramar laftof ɗin maigidana. Ma'ajiyarta irin ta zamani ce, wadda ake kira SSD, tana da sauri amma giga 128 ce kacal. A ciki akwai bidiyon doyar da yake tura wa masu saye a Kumasi, akwai littattafaina, da waɗanda ake karantawa a saurara, da finafinai. Kullum layin nan da ke nuna cikar wuri ja yake.

Babi goma sha huɗu ta faɗa. Tara na rubuta.

Wata guda ke nan, wata safiya, maigida na sauri zai kwafi bidiyo, kwamfutar ta ce babu wuri. Ya ce, "Fati, rage kayanki mana, mota na jirana." Na buɗe jakar littattafaina, na duba, na kasa taɓa ko ɗaya. Akwai waɗanda na karanta sau biyar. Sai idona ya faɗa kan jakar da na sa wa sunan Zuwera. Na ce a raina ai suna cikin wayarta, za ta sake turo mini. Na goge. Ya ce sai na zubar da kwandon sharar kwamfutar kafin wurin ya dawo. Na zubar.

Bayan sati guda muka haɗu a Yendi wurin sunan ɗan yayarta. Ganinmu na ƙarshe ke nan. Ta ja ni bayan ɗaki ta ba ni naman da ta ɓoye mini a leda, tana dariya ta ce, "Wayata ta cika da hoton atamfa, na share labarin nan kaf. Ai yana wurinki, ke ce bankina."

Naman na bakina. Na yi murmushi, na ci gaba da tauna.

Na yi niyyar gaya mata. Na ce bari hidimar suna ta wuce. Daga baya na ce bari in sami ranar da take cikin raha, ta zage ni, mu yi dariya, ta sake faɗa daga babi na goma. Ta riga ta gaya mini ƙarshen labarin a na goma sha huɗu, amma ina girki na saurare shi, da kunne ɗaya, don na ɗauka zan sake ji in na zo rubutawa. Yanzu ban tuna ko mai goron ta ga ƙanwarta ba.

Yau da hantsi na ɗauki laftof ɗin na tafi wurin Masta Isa, mai gyara a bakin tasha. Ya jima yana dubawa, sannan ya cire tabarau.

"Amarya, da tsohon faifai ne mai juyawa, da na gwada miki. Irin wannan, in aka goge aka zubar da shara, ita da kanta take share wurin. Ga shi har an ɗora wasu abubuwan."

Na ce ya sake dubawa. Ya sake, don dai yadda ya ga fuskata.

Sai ya tambaye ni wuri nawa na samu da na goge. Na ce ban duba ba. Ya ce murya ba ta da nauyi, duka ba za su kai giga ɗaya ba. A gabana ya jera fayilolin bisa girmansu, ya nuna mini tarkacen tsohon ofdet, wato ragowar sabunta manhaja da kwamfutar ta ajiye, ya share shi cikin minti biyar. Giga ashirin suka dawo, jan layin ya koma shuɗi. Fim biyu da na riga na kalla ma da sun isa.

Bai karɓi komai ba. Ya ce Allah ya ji ƙanta.

Ina hanyar gida Mma Salamatu, mahaifiyar Zuwera, ta kira ni tana cikin motar zuwa Yendi. Ta ce, "Fati, 'yata, ta sha gaya mini duk maganarta na cikin injinki. Ki kawo wa Amina, ta tashi tana jin muryar uwarta." Amina shekararta uku.

Na ce, "To, Mma."

Abin da ya rage mini saƙo ɗaya ne na ranar Talata, sakan goma sha ɗaya: "Malalaciya, kin kai ina da rubutun? Ki gaida Alhajin doya." Tun azahar nake kunna shi.

Ya Allah ka gafarta wa Zuwera, ka yalwata mata kabarinta, ka saka mata da Aljanna kan kaɗaicin da ta ɗebe mini. Ka raya Amina, ka ba Mma da mijinta haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya yi mata addu'a, ko Ƙulhuwallahu uku ne. Ni ma ku sa ni a ciki.

Mma ba ta karanta abin da ake sawa a shafin nan na intanet. Wanda ya san ta a cikinku, ina roƙonsa kada ya riga ni.

Gobe zan hau motar farko ta Yendi da babi tara da saƙon nan ɗaya. Da bakina zan gaya mata.