Kafireta Mai Baki Ɗaya

Shekarun baya, lokacin da fetur ya fara gagarar talaka, ina jan wata tsohuwar a-kori-kura da mahaifina ya bar mini. Masara nake ɗaukowa daga Dogon Dawa zuwa Birnin Gwari. Motar ba ta da laifi sai shan mai, kai ka ce tankinta a huje yake.

Na kai ta wurin wani dattijon bakanike, ya ce kafireta ce ta gaji. Ya ajiye mini guda biyu a kan benci: mai baki biyu irin ta cikin motar, da wata ƙarama mai baki ɗaya. Ya ce ƙaramar za ta rage shan mai sosai, amma in na yi lodi motar ba za ta ja ba, balle a hawa. Ni kuwa rage shan man nan kaɗai kunnena ya ɗauka. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka manta hanyar da kake bi?" Na ce ya ɗaura kawai, ai ba tsere nake zuwa ba. Ni ga mai wayo.

A lokacin hanya ta lalace da 'yan fashi, ba mai shiga dajin da ta ratsa shi kaɗai. Mu direbobi mukan taru da hantsi mu tashi a jere, kowa na lura da na bayansa. Ba a tsayawa, ba a rage gudu sai an fita.

Ranar da na fara lodi da sabuwar kafireta, ni ne na ƙarshe, wani abokina yana gabana. Muna isa hawan farko motar ta fara nishi. Na take totur har ƙasa, ta ƙi. Ina kallo motar abokina ta yi ta ƙanƙancewa har ta sha kwana. Na yi hon, na kunna fitila da rana tsaka, a banza.

Daga nan sai ni sai itatuwa. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba. Duk addu'ar da na iya na karanta, har da ta cin abinci. Ko reshe ya motsa sai gabana ya faɗi. Allurar mai kuwa ko gezau, ta cika mini alkawari daidai lokacin da ba na bukata. Abin da ya riƙe ni shi ne tunanin cewa yanzu haka an lura ba na nan, wani zai juyo.

Sai wajen azahar na shigo gari, lafiya lau. Na tarar da su a gindin bishiya suna cin shinkafa da wake, ana ta raha. Abokina ya ɗago kai, cokali a hannu, ya ce, "A'a, sai yanzu? Wallahi na ɗauka kana cikinmu." Ya matsa mini in zauna. Na ce na ƙoshi, na koma mota na zauna ni kaɗai.

Washegari na mayar wa dattijon nan kafiretarsa. Ya ɗauko sifana kawai. Garin neman gira na kusa rasa ido, na sani, kuma ban ɗora wa kowa laifi ba. A hanyar nan kowa ta kansa yake yi.

Tsoron dajin ya daɗe da barina. Abin da har yau yake sosa mini rai shi ne, na yi tafiyar nan duka ina zaton ana can ana nemana, alhali ba wanda ya ma san ba na nan.