Irin Gwaggo da Man Darbejiya

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, a gida ɗaya muke zaune da ita a Mainika. Tana da irin waken kanannado da ta gada a wajen kakanmu. Don harawarsa take riƙe da shi, domin da ita shanunta ke fita rani. Wata shekara ƙwaro ya shiga tulun irin duk da tokar da ta zuba. Da na leƙa, na tarar ya huda da yawa. Idan sauran ya tafi, irin ya ƙare ke nan a gidanmu.

Na gaya mata abin da na ga ana yi a Getso. Da farko a tsinto 'ya'yan darbejiya, a shanya, a ɓare. Sannan a daka, a matse mai. Daga nan a murza ɗan kaɗan a jikin waken har ya yi sheƙi, a rufe tulu, a liƙe bakin da laka. Ta saurara har na gama, ta ce ba ta yarda ba. A ganinta, abin da ya kashe ƙwaro zai kashe idon wake. In ma ya tsiro, ɗacin zai bi shi har ganye, shanu su ƙi harawar.

Gaskiya ni ma ban sani ba, kuma ina son in sani. Na roƙi waken cikin tafin hannu ɗaya, na shafa mai, na ajiye ya kwana biyu, sannan na shuka a bayan katanga inda ruwan wanke-wanke ke fita. Kullum da safe sai na je na duba. Ya fasa ƙasa, ya fara ganye. Na ƙi nuna mata tukuna, ina jira ya ƙara girma.

Kafin lokacin, akuyarta ta tsinke igiya ta cinye shi tas. Raina ya ɓaci ƙwarai, na je na gaya mata gwajin ya lalace. Ta biyo ni, ta tsuguna, ta taɓa guntayen karan da suka rage, ta tambaya ko akuyar ta furzar da wani abu. Na ce ko ganye ɗaya ba ta bari ba.

"To me kake nema kuma? Wannan akuyar ko dusa ce ta kwana ba ta ci. Je ka samo turmi, amma kada ka taɓa min na fura."

A ranar muka shimfiɗa tabarma, muka fara da tsince lafiyayyen waken daga hudajje.