Talata Huɗu Ina Gaisuwa

Ko zan manta komai a rayuwata, ba zan manta da Talatocin nan huɗu ba. Lokacin na shekara uku ba ni da aikin yi, tun da aka rufe shagon takin da nake wa dako a Bakura. Sai maƙwabcina ya shaida min cewa wani Alhaji, aminin marigayi babana, yana neman mai kula da shanyar shinkafa a injin casarsa da ke Talata Mafara.

Ranar Talata, ranar kasuwa, na sa takardar firamarena a leda, na hau mota daga garinmu Birnin Tudu. A hanya na duba ta ya fi sau biyar, ina ta maimaita abin da zan faɗa.

Da na isa, na durƙusa gaban Alhaji muka fara gaisuwa. Ya gida, ya iyali, ya ruwa, ya tsohuwa. Muna gamawa sai zuciyata ta ce, yanzu in na roƙa ai zai ce ban taɓa zuwa gaishe shi ba sai da buƙata. Na ce masa, "Dama gaisuwa ce, Baba." Ya sa min albarka, na taso.

Matata ta tare ni a ƙofa. "Malam, an dace?" Na ce sai wani makon.

Haka na yi sau huɗu. Kullum akwai dalili: yau yana da baƙi, yau fuskarsa ba walwala, yau rigata ta yi datti. A gida kuwa ba na iya zama wuri ɗaya, in shiga in fita.

Talata ta biyar na tarar da wani bamarade riƙe da manjagara yana juya shinkafa a kan tamfol. Nan fa bakina ya buɗe, na faɗa wa Alhaji komai.

Ya riƙe haɓa. "Kai, ɗana! Mi ya hana ka hwaɗi? Ni ina ta yabonka wurin mutane, ina cewa ka san zumunci. Wannan jiya ya zaka, ya gaishe ni, ya ce aiki yake so. In kore shi yanzu?"

Na ce a'a, Baba.

Sai da na ƙara wata bakwai a zaune kafin na samu aikin ban ruwa a gonar albasa a Bakolori. Ranar ma na yi wa mai gonar gaisuwata cikakkiya, amma ban tashi ba sai da na ce, "Aiki nake nema." Na koyi cewa mutum, komai ƙaunar da yake maka, ba ya jin abin da ka bari a cikinka.