Ranar Da Taɓon Thames Ya Riƙe Ni

Na manta abubuwa da yawa na zamana a Landan, amma ranar da taɓon kogin Thames ya riƙe ni, da ita zan shiga kabari.

Lokacin da kuɗin mai ya bunƙasa a ƙasarmu, gwamnati na ta tura ɗalibai waje, ni ma aka turo ni karatun injiniya. A masallacin Regent's Park, bayan sallar Juma'a, na haɗu da wani ɗan Maroko, dogo siriri, da ke karatun harkar fim. Shi ke rubuta labarinsa, shi ke ba da umarni, shi ke riƙe kyamara. Da ɗan Larabcina na Islamiyya da guntun Turancinsa muke fahimtar juna. Ina ce masa Darakta, yana ce mini Akhi, wato ɗan'uwana.

Wata rana ya ce fim ɗinsa na kammala makaranta saura fitowa ɗaya: wani baƙo da kewar gida ta dama, ya je bakin ruwa yana kallon jirage. Ya ce fuskata ce ta dace. Na yi dariya na yarda, don a lokacin ƙuruciya na ɗibata.

Ran Asabar da hantsi muka hau bas zuwa Thamesmead, inda ake ta gina dogayen benaye na kankare. Muka tarar kogin ya janye, ya bar fili mai faɗi na baƙin taɓo yana sheƙi. Ni mutumin Katsina ne. Kogin da na sani in ya janye, sai wata damina. Ban san akwai kogin da ke tafiya ya dawo a wuni ɗaya ba. Shi kuwa ɗan bakin teku ne, ya sani, amma hankalinsa duk yana kan hasken rana.

Ya kafa kyamararsa bisa dogayen ƙafafunta uku a kan taɓon, kusa da gaɓa, ya ce, "Akhi, ka nufi ruwa a hankali. Kada ka waiwayo."

Na fara tafiya. Da farko taɓon iya idon sawu ne. Can sai na ji ƙafata ta dama ta nutse har gwiwa. Na yunƙura in zaro ta, ta hagu ta bi. Kafin in ankara na kai cinya, kamar wani abu ne a ƙasa ya kama ni yana ja. Na waiwaya na kira shi. Sai ya ɗaga mini hannu yana murmushi, wai na iya wasa.

Da na juyo, ruwan da na bari can nesa ya matso. Ba ya ƙara, ba ya igiya, tafe kawai yake. Ya taɓa bakin rigata, sanyinsa ya hau har ƙirjina. Na buɗe murya na ce, "Darakta, wallahi ba wasa nake ba!"

Nan ya gane. Ya rugo, shi ma ya fara nutsewa, ya ja da baya da ƙyar. Sai na ga ya juya ya haye gaɓa ya ɓace. Tsoron da na ji a wannan lokacin ya fi na ruwan. Na ce shi ke nan, baƙo ne kamar ni, ya tsorata da 'yan sanda ya gudu. Ruwa ya kai mini ƙugu. Na kama kalmar shahada, haƙorana na kaɗawa. Ina tunanin wa zai je gaban mahaifiyata ya ce ɗanta ya mutu a taɓo garin wasan kwaikwayo.

Ashe wurin masu gina benayen nan ya tafi. Ya dawo yana jan dogayen katakai biyu, ya shimfiɗa su, ya rarrafo da ciki. Da bai iso ni ba, ya koma ya cire kyamarar daga ƙafafunta, ya ajiye ta a kan taɓon, ya miƙo mini ƙafafun.

"Riƙe, ka kwanta a kan ruwan, kada ka yi kokawa da shi."

Kwanciya a kan abin da ke neman cinye ka ba ƙaramin aiki ba ne, amma na yi. Yana ja, ina numfashi, ruwa na shiga bakina, har taɓon ya sake ni. Takalmana suna can har yau.

Da muka hau gaɓa na duba inda kyamarar take, ruwa ya rufe wurin, da ita da jakar da ke ɗauke da aikinsa na watanni. Na ce, "Darakta, fim ɗinka." Bai ko kalli wurin ba. Ya riƙe kaina da hannuwansa yana kuka, yana cewa, "Ka yafe mini, Akhi. Ni na tura ka."

Sai da ya maimaita shekara a makaranta. Daga baya ya koma Maroko, ya rubuta labarai, ya shirya finafinai, sunansa ya fita. Wani da ya yi aiki da shi ya gaya mini bai taɓa tsayar da ɗan wasa a wuri ba sai ya fara taka wurin da ƙafarsa.

Tun daga ranar na daina shiga wurin da ban sani ba don kawai wani ya ce in shiga. Na kuma daina saurin yanke wa mutum hukunci in na ga ya juya baya, don wani in ya juya, taimako ya tafi nemo maka.