Kwalaben Yaya Lawal

Da damunar bana Yaya Lawal ya cika shekara ashirin da biyar da rasuwa. Duk shekara nakan sa a yi saukar Alƙur'ani, a raba waina a ƙofar gidanmu na Ƙofar Kwaya, mutane su yi ta yaba mini zumunci, ni kuma in yi ta sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. Bana na ga wainar ba za ta wanke ni ba. Akwai ƙaryar da na yi wa bawan Allahn nan bayan ba shi da bakin kare kansa, ta zauna daram a cikin zuri'armu har 'yarsa ta ɗauke ta gaskiya. Ita nake so in warware a wannan shafi.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara tara. Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a wata sakandare a nan Katsina, aikinsa wanke kwalabe da jera wa ɗalibai kayan gwaji. Amma abin da ya sa a ransa gizo-gizo ne, kuma ba irin mai saƙa a kusurwar ɗaki ba. Wasu 'yan mitsi-mitsi ne, da yawansu ba su kai ƙwayar gero ba. Ba sa kafa tarko, yawo suke cikin ruɓaɓɓen ganye suna farautar abin da ya fi su ƙanƙanta. Ba su da suna a Hausa. A littafi Oonopidae ake ce wa danginsu, Turawa kuma suka laƙaba musu sunan wani ɗan guntun aljani na tatsuniyoyinsu. Yaya 'yan sulke yake ce musu.

Ranakun hutu yakan fita da rariya da farin faranti. Ya tsuguna a gindin ganuwa, ko ƙarƙashin bishiyar bedi, ko bakin suri, ko jikin tsohuwar jinkar rumbu, ya kwashi ganye ya tankaɗe, ya ƙura wa farantin ido. Da ya ga ɗigo ya motsa sai ya tsince shi da jiƙaƙƙen gashin kaza, ya sa a 'yar kwalbar allura mai sifirit. Sannan ya zo kan abin da ba ya wasa da shi: ya yanki takarda kamar farcen hannu, ya rubuta wurin da ya kama, da ranar, da abin da ya tarar da shi a ƙarƙashi, ya tura ta cikin kwalbar. Da fensir yake rubutawa, don sifirit yana cinye tawada. Haka ya yi shekara goma sha wani abu, har kwalaben suka cika kanta uku a ɗakin soro.

Sau ɗaya tak na yarda na leƙa madubinsa na makaranta mai ƙara girman ƙananan abubuwa, shi ma don ina jiran ya ara mini babur ne. Ya sa ɗaya daga cikinsu a ƙarƙashin madubin, ya ce in ƙirga idanun. Na ƙirga shida, cure wuri ɗaya, alhali yawancin gizo-gizo takwas gare su. Jikin ja ne kamar manja, cikin a rufe da ɓawo mai ƙyalli sama da ƙasa. Ya sauya mini wani, fari sol, ciki luɓus ba ɓawo ko kaɗan. Ya ce littattafan da yake da su kashi biyu suka raba dangin, masu sulke da marasa sulke, haka shi ma ya jera kantocinsa, amma rabon bai kwanta masa ba. Yana da waɗanda sulkensu rabi ne, yana da waɗanda yake zargin namiji da mace ne na iri ɗaya amma suturarsu ta bambanta. Kanta ta uku ta waɗanda suka ƙi shiga ko'ina ce, kuma ita ya fi so.

Na tambaye shi amfanin 'yan takardun, tunda ga dabbar nan ana gani. Ya ce, “Kabiru, wanda bai da takarda gawa ce kurum. Takardar ita ka hwaɗin ko shi wane ne, daga ina ya hito.” Na ce to, na karɓi makullin babur na yi gaba.

Da soja suka ce za su miƙa mulki, ni na faɗa siyasa da ƙafa biyu. Ina bin wani ɗan takara, ina ɗinka manyan riguna, ina jin kaina wani ne. Sai abokan hamayya suka samu abin faɗa: wai wana yana tara ƙwari a kwalba yana yi mana asiri, wasu kuma suka ce karatu ne ya taɓa shi. Wata ranar Asabar muna wucewa cikin jerin motoci, sai ga shi tsugune a gefen hanya da rariyarsa, ya ɗago yana yi mini murmushi. Na kau da kai. Da la'asar na same shi a gida na ce ya yi wa Allah ya daina zubar mana da mutunci har a gama zaɓe. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, “To, Ranka ya daɗe, zan riƙa hita ta bayan gari.” Bai taɓa kirana haka ba sai ranar, kuma na fahimci abin da yake nufi.

Mun ci zaɓe, na samu muƙami da gida a GRA. Shekara na zagayowa Yaya ya kwanta kwana shida, Allah ya karɓi abinsa. Ya bar 'ya ɗaya, Hadiza, tana da shekara biyar, riƙonta ya dawo hannuna.

Bayan sadakar arba'in na buƙaci ɗakin soro don saukar baƙin siyasa. Ban yi niyyar zubar da kayansa ba, wannan kam Allah ya sani. A ganina ma alheri zan yi masa. Na samo ƙatuwar kwalbar alewa daga kanti, na zauna da hantsi ni kaɗai, na yi ta buɗe ƙananan ina juyewa ciki, kanta ta ɗaya da ta biyu da ta ukun duk wuri guda. 'Yan takardun suka taso sama kamar tsakin dusa, na ga sun ɓata kyan abin, na sa cokali na tsame su, aka share da shara. Kwalaben kuma na sa aka wanke na kai wa wani tsoho mai turare a Babbar Kasuwa, na ce sadaka ce Allah ya kai ladan kabarin Yaya. Ya yi ta sa mini albarka. Na koma gida ina jin na iya gyara.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Gindin ganuwar da yake tsugunawa ya zama shaguna, bedin an sare, inda surin yake an zuba kwalta. Wannan zai dame shi. Amma na san zai yi murna da wani abu: 'yan shekaru bayan rasuwarsa masana daga ƙasashe da yawa suka haɗa kai a kan wannan dangi, nau'o'in da aka sani suka ninka fiye da sau uku, har da marasa ido sam da ke zaune cikin suri. Rabon nan na masu sulke da marasa sulke kuwa an ajiye shi, an koma duban wasu ƙananan gaɓoɓi a ƙafa da jikin namiji. Ashe mai wanke kwalabe a Katsina ya hango matsalar tun da wuri.

A cikin wannan yayi ne wani Dakta daga wata jami'a ya neme ni. Wani tsohon shugaban makaranta ne ya ba shi labarin akwai wanda ya tara irin waɗannan halittu a Katsina, yankin da ya ce da wuya a samu wanda ya taɓa dubawa. Na fito da kwalbar alewa ina taƙama, na dire a teburin falo. Hadiza, lokacin tana aji ɗaya na sakandare, ta matso don ta ji abin da za a ce game da babanta. Dakta ya ɗaga kwalbar ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi inda takardun suke. A nan maganar Yaya ta faɗo mini a rai.

Na ce, “Haka ya bar su, Dakta.”

Ya girgiza kai ya ce abin tausayi ne, ga ƙwazo ga haƙuri amma ba a koya masa ƙa'ida ba, tunda ba wuri ba rana babu abin da za a iya kafa hujja da shi. Ya yi wa mamacin addu'a ya tafi. Na yi shiru ranar don ina jin kunyar baƙo, na yi shiru washegari don ina jin kunyar yarinya, daga nan shirun ya yi tsawon da na kasa katse shi. Mai turaren ya rasu, babu wanda ya sani sai ni.

Hadiza yanzu malamar kimiyyar halittu ce, kuma ɗalibanta suna tsoronta a kan abu ɗaya, wato rubuta bayanin duk abin da suka ɗebo. Da Sallar da ta wuce ta zo gaishe ni, hira ta kai mu can, ta ce tana dariya, “Baffa, kullum da Baba nake ba su misali. Nakan ce kada ku zama kamar mahaifina, ya yi wahalar shekaru amma bai rubuta komi ba.” Aji bayan aji, shekara bayan shekara, sunan Yaya ya zama abin jan kunnen masu sakaci a bakin 'yar da ya haifa.

Idan na auna abin da ya rage na Yaya, kaɗan ne. Sifirit ɗin ya bushe tuntuni, abin da ke gindin kwalbar ya zama gari. Ba za a taɓa sanin ko a kanta ta uku akwai halittar da duniya ba ta san da ita ba. Muƙamin da na share ɗakin dominsa shekara huɗu ya yi. Abin da ya tsira shi ne halinsa na tsantseni, yana nan a jikin 'yarsa, ita kuma tana zaton daga kuskurensa ta koya, ba ta san gado ta yi ba.

Hadiza, na san kina karanta wannan shafi, kuma na kasa faɗa miki ido da ido. Mahaifinki ya rubuta. Babu kwalba ɗaya da ya rufe ba takarda a ciki, da wuri da rana, da fensir, da rubutu mai kyau irin naki. Ni na tsame su da cokali, ni na sa aka share. Idan kika shiga aji ranar Litinin, ki ci gaba da ba da misalin, amma ki sauya sunan.

Allah ya jiƙan Yaya Lawal, ya sa ya yafe mini.