Ranakun da Ba a Yi Ruwa Ba

Aikin da na fara yi, 'yan shekaru kafin samun 'yancin kai, shi ne auna ruwan sama a Gagarawa. An kafa wani gwangwani mai mazurari a bayan gari. Kullum da safe sai in je in duba, in rubuta abin da ya taru a takarda mai gida-gida, kowace rana da gidanta. Ran Juma'a mai keke ya kai wa babban malaminmu a Gumel.

Ƙa'ida ita ce ranar da ba a yi ruwa ba, a bar gidan fayau. Haka nake yi, haka mai auna ruwan Maigatari ma yake yi. Amma abokin aikinmu na Sule Tankarkar, wani dattijo mai ƙarancin magana, sai ya rubuta "babu". Ko tsakiyar rani ne, takardarsa cike take da babu daga sama har ƙasa.

Wata rana da muka taru a Gumel, babban malami ya ce masa, "Malam, wannan ɓarnar tawada ce. Gidan da ba komai ai ya riga ya faɗi kansa."

Dattijon ya ce, "Ranka ya daɗe, in na bar shi fayau, wa zai san ko na duba ban tarar da komai ba, ko kuwa ban fita ba ne sam?"

Muka yi dariya, aka shiga wata maganar.

Da damina ta faɗi, kurkunu ya kama ni a ƙafa, na yi kwana goma sha ɗaya ba na iya takawa. Sau biyu ana ruwa mai yawa ina jinsa daga ɗaki. Kunya ta hana ni faɗa, na ba mai keke takardu biyu ba rubutu. A Gumel aka ɗauka fari ake yi a Gagarawa, aka dakatar da irin gyaɗar da za a raba wa manomanmu, aka tura shi Maigatari.

Babban malami ya taho da kansa ya ga ɓarnar fari, sai ya tarar gero ya yi kore shar. Ya same ni a zaure, ƙafa naɗe da tsumma. Na gaya masa gaskiya. Bai yi faɗa ba. Ya dai ce laifina ne, ba na takarda ba, kuma bai sake ƙa'ida ba.

Irin da aka sake turo mana ya iso a makare, gyaɗar ba ta yi kyau ba a shekarar. Akwai wani manomi maƙwabcinmu da ya daina amsa gaisuwata har bayan kaka. Daga baya aka mayar da ni wajen rigakafin shanu, a nan na zauna har na bar aiki.