Mama Zigwai Ba Bokanya Ba Ce

Ina aji huɗu ina koyar da lissafi, ranar Talata da hantsi, sai na hango Ladi tsaye a bakin taga, ƙafafunta duk taɓo. Tun daga ƙauyensu na gindin dutsen Kagoro ta tako har Kafanchan. Na fita. Ta ce mini mahaifiyarta, Mama Zigwai, ta dawo daga ɗiban ganye jiya da la'asar, ta ce ƙirjinta na yi mata nauyi, ta kwanta a tabarma, ba ta sake tashi ba. Kafin in gama haɗiye wannan, ta ƙara da cewa dattawan ikilisiya sun zauna, sun yanke cewa ba za a shiga da gawar majami'a ba, ba kuma za a buga mata ƙararrawa ba, domin wai bokanya ce.

Saboda wannan kalma nake rubuta takardar nan. Zan faɗi abin da na ɓoye shekara shida, kuma ban nemi izinin kowa ba.

Mijina, Bitrus, soja ne. An ƙare yaƙin basasa, jiragen ƙasa suka riƙa sauke sojoji a tasha, nawa bai sauko ba. Takarda kawai aka kawo mini, babu gawa, babu kabari. Barci ya ƙaurace mini. Na fara da ƙwayar barci guda ɗaya daga kantin magani, ta zama biyu, ta zama biyar. Da ta daina kama ni sai na haɗa da giyar ogogoro, ina zuba ta a kwalbar maganin tari don kada a gane. A lokacin ina malamar makaranta, ina kuma rubuta wa matan zumunta na ikilisiyarmu rahoton taro. Wata rana da tsakar rana aka tsince ni a bakin layin dogo, ba ɗankwali, ina tare fasinjoji ina tambayarsu ko sun ga Bitrus. An kai ni asibiti, an yi mini allura, na yi barcin kwana biyu, na farka yadda nake. Wani kawuna ya ba da shawara a sa mini mari a ƙafa. Surukata ce ta ƙi. Ta sa ni a bayan motar ɗaukar citta, ta kai ni wurin Mama Zigwai, aka gaya wa mutanen gari wai na tafi jinya Jos.

Mace ce gajera, baƙa, mai ƙaramar murya. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa “kai” ne a bakinta. Ta dubi igiyar da kawuna ya ɗaura mini a hannu, ta ce a kwance kafin a shigo da ni, domin a gidanta akuya kaɗai ake ɗaurewa.

Ba zan yi ƙarya in ce ganye ya warkar da ni cikin mako ba. Kwanakin farko jikina rawa yake yi, ina amai, ina zaginta da zagin da ban san na iya ba. Ba ta ƙwace ƙwayoyin gaba ɗaya ba. Ta riƙe su a bakin zanenta tana rage mini kaɗan kaɗan, har suka ƙare. Da safe jiƙon saiwa mai ɗaci, da yamma surace da ganyen da ta tafasa a tukunyar ƙasa, wani lokaci hayaƙin ɓawon itacen hano. Kunun acha kuwa dole ne, ko ina so ko ba na so. Da na ɗan sami ƙarfi sai ta ba ni wuƙa, ta zaunar da ni cikin matan gidan muna tsaga citta muna shanyawa. Takan ce, “Ganye yana yin nasa. Sauran aikin, sai mutum ya zauna kusa da kai.” Kuma ta zauna. Ban taɓa juyawa na rasa ta ba.

A mako na uku ta tambaye ni sunan mijina, da irin abincin da yake so, da yadda muka haɗu. Tun da takardar nan ta zo ba wanda ya ambaci sunansa a gabana, kowa na tsoron kada in tashi. Na yi ta magana har rana ta karkata. Da na gama ta ce, “Ba a binne mijinka ba, shi ya sa kai ma ka kasa kwanciya.” Washegari ta kira surukata da tsofaffin mata uku, aka shimfiɗa rigarsa ta gida a tabarma, muka yi masa makokin da ba a yi ba. Ita da kanta ta ɗauko waƙar Littafin Waƙoƙi, ta kuma yi addu'a da sunan Yesu. Wannan ce matar da ake kira bokanya.

Bayan wata biyar da komawata gida na sake sha. Na koma wurinta ina jin kunya kamar in nutse. Ba ta yi mini wa'azi ba. Ta matsa mini a tabarma ta ce, “Da ka san hanyar kanti, ka san hanyar nan ma. Zauna ka ci.” Daga wannan zuwan ban ƙara ba.

Ba kowa ta iya ba, kuma ba ta ɓoye hakan. Wanda ta ga zazzaɓi ne ya hau masa kai, ko idonsa ya yi rawaya, a ranar take sa a kai shi asibiti, ta ce wannan ba nata ba ne. Akwai wani ma'aikacin jirgin ƙasa da ya zo sau uku, burukutu ya ci hantarsa, ya mutu. Ta yi kwana biyu ba ta ci abinci ba. Ba ta yin duba, ba ta yanka kaza, ba ta taɓa ce wa kowa wane ne ya yi masa asiri ba. Duk da haka aka sa ta ƙarƙashin horo, aka hana ta jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke ci tare, shekara goma sha ɗaya, sai in ta ƙone kwandon saiwoyinta a gaban jama'a. Ta ce Allah ne ya shuka su, ita ba za ta ƙone ba. Kowace Lahadi tana bencin baya a majami'ar da ni ma nake zuwa. Ni kuma ina bencin gaba da fararen kaya, bakina a rufe. Wannan laifina ne, ba na wani ba.

Ran Laraba na je wurin dattawan. Babbansu ya ce mini, “Malama Rifkatu, ke mai ilimi ce, me ya haɗa ki da wannan magana?”

Na ce, “Baba, ban je Jos ba. A ɗakinta na kwana wata uku. Ni ce matar da aka tsinta a tasha.”

Na dube su ɗaya bayan ɗaya. Mutum biyu a cikinsu na san ’ya’yansu sun sha jiƙonta, domin tare muka tsaga citta. Ban kira suna ba, su ma ba su ɗaga kai ba. Ba su sake shawara ba.

Mun binne ta a bayan gidanta ba ƙararrawa. Matan zumunta goma sha huɗu suka zo da tukwanensu na kiɗa, wasu suka ƙi zuwa. Tsofaffin sojoji huɗu da suka taɓa zama a gidan suka ɗauki akwatin. Ƙaramin fastonmu ya zo a kan kekensa, ya ce ba a aiko shi ba, ya buɗe Littafi ya karanta. A bakin kabarin na maimaita abin da na gaya wa dattawa, da ƙarfi, har na baya suka ji. An riga an aiko mini cewa in ajiye littafin rahoton zumunta. Na ajiye. In iyayen yara sun ga ban cancanci aji ba, su zo su faɗa mini a fuskata. Amma duk wanda ya sake kiran Mama Zigwai bokanya a inda nake, zai ji labarin nan daga farko har ƙarshe.

Ya Ubangiji, kai da ka san abin da ke cikin kowace saiwa da kowace zuciya, ka karɓi baiwarka, ka yafe mata kurakuranta, ka zaunar da ita a teburinka da aka hana ta a nan. Ka yafe mini shirun da na yi. Ka ta'azantar da Ladi da ƙannenta da jikokin marigayiyar. Akwai mutum biyu da Mama Zigwai ta bari a ɗakin baya, jinyarsu ba ta kai rabi ba, Ladi ta ce ba za ta sallame su ba. Ka ƙarfafa hannunta, ka kuma ba mu ƙafar zuwa mu zauna kusa da su. A cikin sunan Yesu Almasihu, amin.